Makullin da ake bar wa na'ura cikin dare: ina kalmar sirri za ta kwana?

Ranar 14 ga watan Maris na 2025, ƙwararrun wani kamfanin tsaron intanet mai suna StepSecurity suka lura da wani abu da ya ɗaure musu kai. Wata ƴar ƙaramar manhaja da ake kira tj-actions/changed-files, wadda ayyuka sama da 23,000 ke amfani da ita a dandalin GitHub, ta fara yin abin da ba a sa ta ba. Aikinta na asali bai taka kara ya karya ba: ta duba fayilolin da aka taɓa, ta faɗi sunayensu. Amma a ranar, duk na'urar da ta kira ta, sai ta laluba ƙwaƙwalwar na'urar, ta kwaso kalmomin sirri da makullan shiga da ta tarar, ta zuba su cikin kundin da ake rubuta yadda aiki ya gudana. A ayyukan da ke buɗe ga jama'a, kowa na iya karanta wannan kundi.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ɓarayin sun shigo ne da makullin wani asusu da aka ware wa na'ura, asusun da ke aiki shi kaɗai ba tare da mutum ya zauna gabansa ba. Da makulli ɗaya da aka bar wa na'ura aka kai ga makullan wasu na'urorin masu yawa.

Labarin bai yi amo a nan ba, domin ana ganinsa kamar rigimar masu kwamfuta ta can ƙetare. Sai dai duk ofishi, kantin magani, makaranta ko asusun ajiya da lamuni da ya sa aka rubuta masa manhaja a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, akwai yiwuwar yana da irin wannan makulli ajiye a wani wuri, kuma mai gidan bai san da shi ba.

Rumbu da mai ɗibar tsaba

Masu rubuta manhaja ba sa ajiye aikinsu kamar yadda sakatare ke ajiye wasiƙa. Suna da wani tsari da ke riƙe tarihin kowane canji: wa ya taɓa wane layi, yaushe, kuma don me. In sabon gyara ya ɓata aiki, sai a koma ga na jiya. Wurin da ake tara wannan tarihi shi ake kira rumbu. Manhajoji biyu suka fi shahara a wannan fanni. Akwai Subversion, wadda aka fara a shekarar 2000, yanzu tana hannun gidauniyar Apache. Akwai kuma Git, wadda Linus Torvalds, mutumin da ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta a 2005, ita ce kuma ta mamaye duniya. GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dalar Amurka biliyon 7 da rabi, gida ne da ke ajiye wa mutane rumbunan Git.

Idan mutum ne zai ɗebo abu daga rumbu, magana ba wuya. Manhajar ta tambaye shi kalmar sirri, ya buga. In ya gaji da bugawa kullum, kwamfutarsa tana da wani akwatin ajiyar makullai: Keychain a na'urorin Apple, GNOME Keyring ko KWallet a Linux, Windows ma da nata. Akwatin a kulle yake, kuma yana buɗewa ne lokacin da mai kwamfutar ya shiga da safe da tasa kalmar. Wato makullin akwatin yana cikin kan mutum.

Amma yau yawancin ɗibar da ake yi daga rumbu ba mutane ke yin ta ba. Uwar garke ce, wato kwamfutar nan da ke zaune a wani ɗaki mai sanyi ko a wata cibiya a Faransa, ba ta da allo, ba ta da madannai, ba mai zama gabanta. An tsara mata cewa da ƙarfe biyu na dare ta je rumbu, ta ɗauko sabon gyara, ta gwada shi, ta ɗora shi a kan shafin intanet ko manhajar lissafi kafin ma'aikata su zo. Rumbu zai tambaye ta kalmar sirri kamar yadda yake tambayar kowa. Ba wanda zai buga. Dole ke nan kalmar ta kasance a wani wuri da na'urar za ta iya ɗauka da kanta.

A nan gizo ke saƙa. In an kulle kalmar cikin akwati, na'urar na buƙatar makullin akwatin. In an kulle wannan makullin cikin wani akwatin, ana buƙatar makulli na uku. Duk tsawon sarƙar, akwai makulli na farko da dole ya zauna inda na'ura za ta kai gare shi ba da taimakon kowa ba, kuma wanda ya ƙwace ikon na'urar ya kai gare shi shi ma. Mai shago da ke son yaronsa ya buɗe da asuba yana barci ya san wannan lissafi: ko ya ba yaron makulli, ko ya tashi da kansa.

Hanin da Subversion ta gwada

Shekaru da dama, a na'urorin Linux, Subversion tana da hanya mai sauƙi. In ba ta samu akwatin makullai ba, sai ta tambayi mai aiki ko ya yarda ta rubuta kalmar sirrinsa ƙarara cikin wani fayil a ɓangarensa na na'urar. Kariyar fayil ɗin ita ce izinin da tsarin Linux ke bayarwa: mai shi kaɗai da babban mai kula da na'urar ke iya buɗe shi. Masana tsaro sun daɗe suna sukar wannan. A watan Afrilu na 2019, da fitowar siga ta 1.12, masu kula da manhajar suka rufe ƙofar. Daga lokacin, sai dai in mutum ya sake harhaɗa manhajar da kansa da wani zaɓi na musamman, ba za ta ƙara rubuta sabuwar kalmar sirri a fili ba. Tsofaffin da aka riga aka ajiye tana ci gaba da karanta su.

Niyyar mai kyau ce, sakamakon kuwa ya zama gudun gara faɗawa gidan zago. Masu kula da uwar garke da suka sabunta na'urorinsu suka wayi gari ayyukan dare sun tsaya cik, domin akwatunan da aka ce su koma gare su na buƙatar allo ko mutum. Aiki kuma ba ya jira. Wasu suka koma rubuta kalmar sirri kai tsaye cikin umurnin da ake ba manhajar, alhali a yawancin na'urorin Linux duk wani mai asusu a na'urar na iya ganin jerin umurnin da ke gudana, da kalmar a ciki. Wasu suka saka ta cikin ɗan rubutun da ke tada aikin dare, daga baya aka tura rubutun cikin rumbu tare da sauran fayiloli, kowa da ke cikin aikin ya samu kwafi. Kalmar da a da take cikin fayil ɗaya mai kariya, ta bazu wurare biyar marasa kariya.

Masu kula da Subversion sun gane haka. Su da kansu suka samar da wani ɗan rubutu da ke taimaka wa mutum ya ajiye kalmar cikin tsohon fayil ɗin, sannan suka amince a maido da damar a siga ta 1.15. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin ja da baya. Ya fi kama da amincewa da gaskiya: hana ajiya bai kawar da buƙatar ajiya ba, ya dai kore ta zuwa inda ba a gani.

Git ba ta taɓa ɓoye wannan matsala ba. Tana da mataimaki ɗaya da ke rubuta kalmar ƙarara cikin fayil, takardunta kuma sun faɗi hakan ba kwana-kwana. Tana da wani da ke riƙe ta cikin ƙwaƙwalwar na'ura na minti 15 sannan ya manta, abin da ke da amfani ga mutum amma ba ya yi wa aikin ƙarfe biyu na dare komai. GitHub ya bi ta wata hanya dabam. Daga ranar 13 ga watan Agusta na 2021 ya daina karɓar kalmar sirrin asusu wajen ɗiba ko zubawa a rumbu. Mai son shiga sai ya zo da makullin SSH ko da wani tikitin shiga, abin da masu Faransanci ke kira jeton. Bitbucket ya bi sahu a watan Maris na 2022.

Wannan mataki ya fi na Subversion hikima, domin bai ce kar a ajiye komai ba, ya canza abin da ake ajiyewa. Kalmar sirrin mutum tana buɗe duk abin da ya mallaka, kuma sau da yawa ita ce dai yake amfani da ita a akwatin saƙonsa da Facebook. Tikiti kuwa ana iya yanka shi daidai aiki, a sa masa ranar mutuwa, a soke shi ba tare da an taɓa sauran ba. Amma ana iya yanka shi da faɗi kuma, ba ranar mutuwa, ya buɗe duk rumbunan kamfani. Mutane da yawa haka suke yi don kar ya dame su. Irin wannan tikiti kalmar sirri ce da ta canza suna.

Abin da sakaci ya jawo

A 2016 wasu ɓarayi suka shiga rumbun kamfanin Uber da ke GitHub, suka tarar da makullin ma'ajiyar bayanansa a rubuce cikin fayiloli. Da shi suka kwashe bayanan mutum miliyon 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya biya su dalar Amurka dubu 100 don su yi shiru, ya ɓoye maganar har ƙarshen 2017. Daga baya ya biya tarar dala miliyon 148, kuma a 2022 kotu a Amurka ta samu tsohon shugaban sashen tsaronsa, Joe Sullivan, da laifin rufa-rufa. Toyota ma ta sanar a 2022 cewa wani makulli na tsarinta na T-Connect ya zauna a fili a GitHub kusan shekara biyar, abin da ya shafi abokan cinikinta kimanin dubu 296. Wani ɗan kwangila ne ya ɗora rubutun bisa kuskure.

Akwai wani halin rumbu da ke ƙara dagula lamarin. An gina shi ne don kar ya manta. In mutum ya lura ya tura kalmar sirri ciki, ya goge layin, ya sake turawa, kalmar tana nan daram cikin tarihi, kuma tana cikin kowane kwafi da wani ya riga ya ɗauka. Maganin kawai shi ne a kashe kalmar a yi sabuwa. Kamfanin GitGuardian, da ke Paris, wanda sana'arsa ke nan, ya ce ya gano sababbin sirrika kusan miliyon 13 da aka zubar a rumbunan GitHub na fili a 2023, adadin kuma ya haura miliyon 23 a 2024. Ɓarayi ba sa bi ɗaya bayan ɗaya da hannu, su ma na'urori suka sa suna shara dare da rana.

Misalin da ya fi koyar da darasi shi ne na Internet Archive, babban ɗakin karatun intanet da ke Amurka. A watan Oktoba na 2024 aka bayyana cewa an sace bayanan masu asusu miliyon 31. Rahotanni sun ce maharin ya fara ne da wani tikitin GitLab da ya tsinta cikin fayil ɗin saiti a wata uwar garke ta gwaji, daga nan ya sauke rubutun manhajar, ya tarar da wasu makullan a ciki. Bayan kwanaki, alhali duniya ta riga ta san an yi kutse, sai ga shi ya sake shiga tsarin amsa saƙonnin jama'a da wani makulli da ba a canza ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma ba lalaci ne kaɗai ya jawo hakan ba. Ƙungiyar da ba ta da jerin makullan da ta raba wa na'urorinta ba za ta iya canza su cikin gaggawa ba, don ba ta san adadinsu ba, kuma tana tsoron in ta taɓa ɗaya wani aiki ya tsaya.

Inda wutar lantarki ta shigo

Littattafan koyarwa na ba da wata shawara da ake ganin tsaka-tsaki ce. A kulle makullin da kalma, mutum ya zo ya buga kalmar sau ɗaya lokacin da aka kunna na'urar, sannan wani ɗan aike da ke cikinta, kamar ssh-agent ko gpg-agent, ya riƙe makullin a ƙwaƙwalwa. Ba abin da ke kwance a fili kan faifai. Dabarar tana aiki muddin na'urar ba ta mutu ba, domin da zarar ta mutu ƙwaƙwalwar ta goge.

A cibiyar da ke da wuta ba yankewa, na'ura na iya yin watanni ba a sake kunna ta ba. A Nijar lissafin dabam ne. Kowa ya san yadda ɗauke wuta ke yawaita da zafi, kuma kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke amfani da ita, har zuwa farkon 2024. Uwar garken da ke cikin ofishi, mai dogaro da batirin da ya gaji da gurup ɗin da ba kullum ake samun mai ba, tana iya mutuwa ta farfaɗo sau uku a yini. Ba ma'aikacin da zai riƙa hawa babur cikin dare don ya buga kalma. Bayan mako biyu zai cire kalmar daga kan makullin, ko ya rubuta ta a fayil kusa da shi, kuma ba zai gaya wa kowa ba. Shawarar da ba ta yi la'akari da wutar ƙasa ba tana ƙarewa ne inda hanin Subversion ya ƙare.

Matsala ta biyu ta tsarin aiki ce. A ƙananan kamfanoni da ofisoshi, yawanci mutum ɗaya ake ba kwangilar rubuta manhaja, wani lokaci matashin da ya gama jami'a kwanan nan. Rumbun yana cikin asusunsa na kansa. Don sauƙi, tikitinsa na kansa yake sakawa a uwar garken mai kwangila, tikitin da ke buɗe rumbunan duk sauran waɗanda yake yi wa aiki. Wanda ya kutsa na'urar kantin magani a Maraɗi ya samu hanya zuwa manhajar wata makaranta a Damagaram. In kuma aka ɓata tsakanin mai aikin da mai gida, ko ya samu aiki a Abijan ya tafi, mai gidan sai ya gane cewa manhajar da ya biya kuɗinta tana rataye da makullin wani.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar 2019 kan laifukan intanet tana hukunta wanda ya shiga tsarin kwamfuta ba da izini ba, ko da yake an fi jin sunanta a muhawarar ƴancin ƴan jarida. Dokar kare bayanan mutane ta watan Disamba na 2022, wadda hukumar HAPDP ke sa ido a kanta, ta ɗora wa wanda ya tara bayanan jama'a nauyin tsare su. Asibiti mai zaman kansa da sunayen marasa lafiyarsa suka fita ba zai wanke kansa da cewa laifin ɗan kwangila ne ba. Ɓarawon kuwa galibi yana wata nahiya, inda sammacin kotun Yamai ba ya isa.

Ƙaramin makulli, gajeren rai

Tunda ba a iya hana na'ura riƙe makulli, abin da ya rage shi ne a rage abin da makullin ke buɗewa. Na'urar da aikinta ɗauko gyara ne ba ta buƙatar ikon rubutu a rumbu. GitHub da GitLab duk suna ba da makullin da aka ɗaure da rumbu ɗaya, na karatu kawai. A Subversion ana iya buɗe wa na'ura asusu nata na kanta mai iyakacin izini, ko a ba ta makullin SSH da aka ƙayyade masa umurni ɗaya tak. Irin wannan makulli, ko da yana kwance a fili cikin fayil ɗin da asusun na'urar kaɗai ke iya karantawa, ya fi tsaro nesa ba kusa ba a kan kalmar sirrin babban injiniya da aka kulle cikin akwati uku. In an sace shi, an ga rubutun manhaja ɗaya, kuma muddin ba a cusa wasu makullan cikin rubutun ba, ɓarnar ta tsaya nan.

Manyan kamfanoni sun ƙara gaba da haka, suna rage tsawon ran makullin. Tikitin da GitHub ke ba aikin da ke gudana a dandalinsa yana mutuwa da zarar aikin ya ƙare. Wanda yake ba manhajojin da aka yi wa rajista yana mutuwa bayan awa ɗaya. Wannan ne ya rage raɗaɗin harin watan Maris na 2025: da yawa daga sirrikan da suka fita irin waɗannan tikitoci ne, kafin a yi amfani da su sun riga sun mutu. Waɗanda suka sha wuya su ne masu tsofaffin makullai marasa ranar mutuwa. Akwai kuma wani ɗan guntun ƙarfe da ake kira TPM a cikin yawancin sababbin kwamfutoci, wanda ke iya kulle sirri ta yadda sai a wannan na'urar kaɗai zai buɗu. Yana magance satar faifai ko kwafin ajiya, kuma na'ura na iya farfaɗowa da kanta bayan ɗauke wuta, abin da ya dace da yanayin Nijar. Bai hana komai ga wanda ya riga ya ƙwace na'urar tana kunne.

Yawancin waɗannan matakai ba sa cin ko dala. Rabin yini na aikin ƙwararre ne, da takarda ɗaya da aka jera makullan a kai. Abin da ke hana su faruwa shi ne ba a sa su cikin kwangila, kuma mai biyan kuɗi bai san zai tambaya ba. Darakta ko mai kanti ba ya buƙatar sanin Git kafin ya nemi a buɗe rumbun da sunan kamfaninsa, a nuna masa a rubuce wane makulli ke cikin uwar garke, me yake buɗewa, da sunan wa aka yanka shi, da kuma minti nawa za a ɗauka a soke shi a yi sabo ranar da mai aikin ya ajiye aiki. Ƙwararren da ya yi aikinsa daidai zai amsa waɗannan a zama ɗaya. Wanda ya ce sai ya je ya duba, a ba shi mako guda, a kuma riƙe kason ƙarshe na kuɗin kwangilar har ya kawo takardar.